Ƙugiya Lamba Goma Sha Shida

Ɗan goggona tela ne, shekara arba'in yana taka keke. Ni tun muna yara Almakashi nake ce masa, don in yana tafiya ƙafafunsa buɗewa suke suna rufewa. Ya yi ɗinkin da in an shimfiɗa shi zai rufe garin nan har a samu ragowar yin labule. Sai ido ya fara yi masa gardama. Ranar da ya ɗinka wa wani malami aljihu a bayan riga, ranar ya rufe shago.

Babban ɗansa, wanda ke aiki a wani gari, ya zo ya ce: "Baba, ƙarshen wata zan zo da mota. Na gyara muku ɗaki ku da Inna a hawa na uku, ba abin da za ka yi sai hutu."

Almakashi ya ji kamar an ce za a rataye shi a ƙusa. Gidan nan da allura ya gina shi. Ya ce shi ba inda za shi, yana iya ci da kansa.

"Da me, Baba?"

Ya waiga, idonsa ya faɗa kan tafkin da ke bayan layinsu. "Da kifi."

Mutumin da ko kwaɗo bai taɓa kamawa ba.

Washegari na raka shi shagon kayan kamun kifi, don kada abin dariya ya wuce ni. Mai shagon ya fara bayani: mai koyo ba ya bukatar sanda mai injin naɗi, sandar gora ta ishe shi, da zaren roba siriri, da ɗan dalma mai nutsar da ƙugiya, da guntun silifa mai yawo a saman ruwa, in kifi ya ja ya nutse. Da aka zo kan ƙugiya sai Almakashi ya ɗaga hannu.

"Yaro, ƙarfe mai tsini ba a koya mini shi. Ba ni lamba goma sha shida. Manyan nake so."

A wurin tela, allura lamba sha shida ita ce mai kauri, ta ɗinkin tamfol. A ƙugiya kuwa abin juye yake, lamba na hawa tana ƙanƙancewa. Mai shago ya buɗe baki zai yi magana, na taka masa ƙafa.

Sai a gida ya kwance ƙunshin. Ya zazzage a tafin hannu, ya kai kusa da hanci, ya nisanta. Wasu 'yan abubuwa kamar girar sauro.

Matarsa ta leƙo. "Malam, kifin za ka kama ko ɗan kunne ka sayo mini?"

Na ce, "Ai giwar ruwa zai yi wa kaciya."

Ya ce, "Haka na nufa." Girman kai bai bar shi ya mayar ba.

Na ɗauka a ɗaurin zare za a kwashi kallo, tunda ni mai ido biyu na yi ta fama na kasa. Ya karɓa, ya kau da kai yana kallon bango, ya lashi bakin zaren, ya zura, ya ƙulle. Ashe ido ne ya tafi, yatsun ba su manta komai ba.

Kwana biyu na farko ya ciyar da kifin tafkin da tana kyauta, har suka fara gaishe shi. Matsalar ba ya ganin silifar in ta nutse. Rana ta uku ya cire ta, ya ɗora zaren a kan ɗan yatsa, yadda yake jin zare in zai tsinke a keke. Kafin azahar ya cika rabin bokiti da karfasa. Masu manyan ƙugiyoyi na gefensa suna ta hamma, don yawancin kifin tafkin ƙananan baki gare su.

Ƙarshen wata ɗan ya iso da mota. Ya tarar da uwarsa a ƙofar gida tana suyar kifi, mata sun yi layi da kwanuka. Ya ci uku a tsaye, ya suɗe yatsa, ya daɗe yana kallon ubansa yana ɗaure ƙugiya ba tare da ya duba ba.

"Baba, ɗakin fa?"

"Ka zuba kaji."

Motar ta koma ba kowa a baya. Bayan sati ɗan ya aiko wa uban tsaraba: ƙugiya lamba ɗaya, wai ya ce a ba shi wadda ta fi kowacce. Almakashi ya auna ta a hannu, ya kafa ta a bango. A nan yake rataye hularsa.