Bencin Horo

Kakata Saratu ba ta yafiya da wuri, ni ma ita na gado. Gidan haya muke a Sabon Gari, a shekarun da kuɗin mai ya shigo, kowa ya sayi rediyo. Mu Kaka ce rediyonmu. Da yamma in ta sauke tuwo, sai mu kewaye murhu tun garwashi bai mutu ba.

A shekarar aka sa mahaifiyata a horo a coci. Horo shi ne a hana ka jibin Ubangiji, a mayar da kai bencin can baya, kowa ya shigo sai ya gan ka. Maƙwabciyarmu Laraba, matar dattijon coci, ita ta kai ƙara wai ta ga Mama gidan boka a Fagge. Alhali jiƙon shawara ta je karɓo wa ƙanena wurin wata Hajiya. Wata huɗu Mama tana wannan benci, kanta a sunkuye. Na tsani Laraba, har yau ban ɓoye ba.

Sai Kaka ta sake tatsuniya. Ta juya kujerarta ta fuskanci ƙofar Laraba, ta ɗaga murya.

"Ga ta nan, har mai laɓe bayan labule ta matso ta ji."

Wai wata mata ce mai farin zane, ta fi kowa waƙa ranar Lahadi, amma a ƙugunta akwai laya ƙulle da jan zare. Kullum layar kumbura take. Ran nan tana rawar kai baiko a coci, zaren ya tsinke, laya ta faɗo tim a gaban jama'a.

"Allah ya daɗe da ganinta, ko a jikinta," in ji Kaka. "Da idon mutane ya sauka kanta, sai ga ta tana neman ƙasa ta tsage."

Ashe Kaka ce ta yi wa Laraba wankan jego, ta san abin da ke ƙugunta. Kwana bakwai tana maimaita labarin, kullum zaren na ƙara lalacewa.

Lahadi ta gaba Laraba ta miƙe tana kuka, ta ajiye layar gaban Fasto, ta faɗi ƙaryar da ta yi. Aka ɗage wa Mama horo, aka nuna wa Laraba bencin. Daɗi kamar ya kashe ni.

Sai Mama ta ɗauki Littafinta Mai Tsarki, ta koma baya, ta zauna kusa da ita.

A hanyar gida Kaka ta ce wa Mama, "Rifkatu, kin ɓata mini tatsuniya."

Mama ta ce, "Inna, na san sanyin bencin nan."

Yanzu na kai shekarun Kaka. Na daɗe ina cewa kunyar mutane ce ta durƙusar da Laraba, ba ta Allah ba. To ni fa? Duk ranar da na shirya ramuwa tsaf, ba wutar jahannama ke tsayar da ni ba. Mama nake gani tana tafiya baya da Littafinta, sai in rasa inda zan sa fuskata.