Kujerar da Ya Ajiye Mini

Shekarar da na kama haya a Fort Washington, a jihar Maryland, ba ni da mota, iyalina kuma suna Kano ba su iso ba tukuna. Maƙwabcina, wani nas ɗan Jos da ya girme ni da kusan shekara goma, shi yake rage mini hanya duk safiyar da aikinmu ya zo ɗaya. Ni ina karanta labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo a cikin birni, shi kuma yana kula da masu ciwon ƙoda a wani asibiti. Kirista ne, Hausarsa ta Jos ce mai sauri, kuma tun ranar farko Malam yake ce mini.

A motarsa na fara jin kiɗan. Wata ƙungiya ce ta Turawa masu kiɗan rok, su biyar. Ba faifan kanti yake sakawa ba. Masoyan ƙungiyar ne suke shiga wurin wasa da rikoda, su ɗauko sautin daga cikin jama'a, sannan su riƙa musayarsa ta gidan waya, mawaƙan kuma ba su hana ba. Yana da irin waɗannan fayafayai cike da kwali huɗu, kowanne ya rubuta masa sunan gari da shekara da baƙin alƙalami.

Na daure sati biyu kafin na ce, "Yallaɓai, wai ba waƙar nan muka ji jiya ba?"

"Ita ce," in ji shi. "Amma ta jiya ana ruwan sama aka yi ta. Wannan bayan shekara shida ne, mai jitar bai daɗe da binne mahaifinsa ba. Kasa kunne ka ji."

Na kasa kunne, ban ji komai ba sai ƙara da ihun mutane. Bai damu ba. Ya ce shi ma haka ya ji ta da farko, a wani kaset da malaminsu Bature ya bari a makarantar kwana lokacin da zai koma ƙasarsu.

Sai wata safiya muna tsaye cikin cunkoson motoci gab da gada, na ji mai ganga ya yi gaba ya bar sauran, mai jita kuma bai bi shi ba, ya tsaya a kan sauti ɗaya yana jira har mai gangar ya gane ya dawo. Na faɗa masa. Ya bugi sitiyari da tafin hannu har hon ya yi ƙara.

"Ka gani ko! Na san kunnen rediyo ba zai ba ni kunya ba!"

Daga nan na shiga. Na koyi bambanta daren da suka gaji da daren da abin ya zo musu. Na san tarin wani tsoho da ke tsaye kusa da rikoda a wani wasa da aka yi tun ina firamare, har nakan jira shi. Maƙwabcina yakan ce faifan kanti an wanke shi an goge, wannan kuwa da mutane a ciki.

Wani lokacin zafi ƙungiyar ta zo wasa a wani fili a nan Maryland, ranar Asabar da yamma. Ya sayi tikiti biyu, ya ɗora ɗaya a cinyata. Na mayar masa, na ce ya riƙe mini, sai mu gani in Allah ya kai mu. Tun a lokacin na san ba zan je ba. Ina tunanin giyar da za a sha a wurin, ina tunanin wani da ya san muryata ya gan ni ya kai labari. Maimakon in faɗa masa haka, ranar sai na kashe waya, na saki labule. Na ji motarsa ta tsaya a ƙofata, injin yana aiki. Ya yi hon sau ɗaya. Can na ji ya tafi.

Ranar Litinin ya ɗauke ni kamar kullum. "Wasa ya yi kyau," shi ne kawai abin da ya ce, ni kuma na ce masa kaina ne ya yi ciwo. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi.

Bayan haka iyalina suka zo, na sayi mota, muka koma Gaithersburg. Ni da shi muka zama sai Sallah da Kirsimeti muke haɗuwa, ya kawo mana cincin, mu kai musu nama. Shekaru suka wuce a haka. Wani hunturu da safe ya fita kwashe ƙanƙara daga ƙofar gidansa, zuciyarsa ta tsaya. Aka kai gawarsa Jos.

Bayan wasu watanni matarsa ta kira ni. "Malam, ka zo ka ɗauki kwalayen nan. Ni ban san kansu ba, shi kuma kullum cewa yake kai kaɗai ne ka iya ji."

Na riƙa sauraronsu ɗaya bayan ɗaya a hanyar aiki. A kwali na uku na tarar da wani faifai da babu sunan gari a kansa, shekara kawai. Ina sakawa na ji numfashi dab da makirufo, da wata 'yar gyaran murya da na sani. Shi ya ɗauka da kansa, ranar Asabar ɗin nan. Ba a fara kiɗa ba, jama'a suna ta zama. Wata mata ta tambaye shi da Turanci ko da mutum a kujerar da ke gefensa. Ya ce e, abokinsa ne, yana hanya.

Aka yi waƙa huɗu. Wani mutum ya sake tambaya, ya ba shi amsa iri ɗaya. Bayan hutun rabin lokaci wani ya ƙara tambaya, da ɗan fushi ma, ya ce masa yana hanya. A tsakiyar wata doguwar waƙa, inda mai jita ya sassauta har filin ya yi tsit, na ji ya ce da Hausa, a hankali, ba da kowa ba: "Kai, da Malam ya ji wannan."

Na sauka daga babbar hanya na tsaya a wani gidan mai. Na kira ofis na ce zan makara. Na daɗe zaune, hannuna a kan sitiyari, mutane suna shan mai suna tafiya. Makonni bayan nan, in na shiga ɗakin watsa shiri na sa abin sauraro a kunne, kafin a ba ni alama, sai in ji kamar wani yana numfashi a gefena.

Na ga bai kamata in riƙe muryarsa ni kaɗai ba. Wata Lahadi bayan sun dawo daga coci na kai musu faifan. Matarsa ta zauna a bakin kujera, 'yarsu da ke jami'a ta zauna a ƙasa kusa da sifika. Yarinyar tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Da ta ji muryar babanta sai ta rufe baki da hannu. Muka saurara har ƙarshe, har tafin jama'a da ƙarar kujeru.

Sannan yarinyar ta juyo ta tambaye ni ko abokin nan ya iso daga baya.

Na ce, "Bai iso ba, 'yata. Ni ne."

Uwar ta dube ni. "Malam, ashe ba ka je ba?" ta ce. "Ranar da ya dawo cewa ya yi kun ji daɗi ƙwarai, har ka yi rawa."

Ta tashi ta shiga kicin, na ji ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba. Yarinyar ta miƙa hannu ta mayar da faifan zuwa farko.