Turken Dashi a Gonar Malam Tanko

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma ne, ranar Juma'ar farko bayan ƙaramar sallar bana, a ɗakinmu na Al Muntazah. Mu uku ne: ni, da Garba direba wanda muke kwana ɗaki ɗaya, da Abdulhadi, ɗan ƙanwarsa da ke karatun duwatsu a jami'a a nan Doha. Shayin karak, mai madara da kayan ƙamshi, yana hucewa a kan kwali, Abdulhadi kuma ya ɗora waya a gwiwa yana nuna mana yadda ake kama filin ma'adinai a gida yanzu. Ya ce an yanka ƙasar gida-gida a taswira kamar gurbin dara. Mutum ya zaɓi gidajensa, ya rubuta lambobinsu, ya samo yardar mai ƙasa a rubuce, ya kai ofis a Abuja. Wanda ya riga miƙawa shi ake dubawa.

Na ce, "To, turken fa? Da wane itace ake yi?"

Garba ya kwashe da dariya. "Malam Isuhu, ana zancen Abuja kana zancen itace? Yalla, maza sha shayinka."

Abdulhadi bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, na siminti ake kafawa. Amma me ya kawo itace?" Lokacin aikina ya yi, ban ba shi amsa ba. Ga ta nan a tsare.

Na tashi a wani ƙauye a gindin duwatsun Riruwai, inda kowane gida yake da fartanya kuma yake da diga. Da damina a yi noma, da rani a haƙi kuza. A tsakar gidanmu kwanon sarki yana jingine da rumbu, ƙwaryar wankin kuza ta Inna tana kife a kan danga, ba mai shan ruwa da ita. A tsohuwar tabarma ake shanya baƙin yashin da aka wanko, kaji su zo su tsattsaga, su ga ba tsaba ba ce, su tafi. Aikina kullum shi ne in kora awaki bakin dutse, in ɗebo ruwa a rafi, sannan in wanke ƙafa in tafi firamare. A filin makaranta muna langa kamar kowa, amma wasan da ya fi cin ranmu shi ne wasan turke. Mu kakkarya karan dawa, kowa ya kafa huɗu a ƙasa ya ce raminsa ne, a naɗa wa ɗaya ɗankwali ya zama sarkin haƙa, a yi ta shari'a har a buga ƙararrawa. Ni ne kullum mai igiyar awo, domin ba na yarda a auna a karkace.

Dokar gaske kuwa a bakin Babanmu na ji ta, muna cin tuwo. Da farko ka gwada ƙasa a ƙwarya ka ga baƙi ya kwanta. Ba ka faɗa wa kowa ba tukuna, sai ka je wajen mai gona da goro ka yi sallama, domin ƙasa tasa ce, abin da ke cikinta kake aro. In ya yarda, ka kira sarkin haƙa ya zo da igiyarsa da shaidu, ka kafa turke a kusurwa huɗu a gabansu. Bayan nan ka sa diga kafin kasuwa ta zagayo, in ba haka ba fili ya tashi daga hannunka. Akwai kuma wadda ya fi nanatawa: turke ba ya barin ƙasa. Ko ɗaya aka tuge, ko kai ka tuge shi da hannunka, fili ya zama na duk wanda ya riga kafa nasa. Yakan ce, "Ka bi su a jere. Wanda ya tsallake ɗaya, ramin wani yake haƙawa."

Ina aji shida na sami nawa ramin. Ƙarshen rani ne, wata akuyarmu ta gangara kwazazzabon da ke gefen gonar Malam Tanko, wani dattijo maƙwabcinmu mai faɗa kan iyaka. Na bi ta, na ga bangon kwazazzabon da zane baƙi. Na ari ƙwaryar Inna na wanke, baƙi ya kwanta a gindi, mai nauyi. Babanmu ya gani, ya ce tunda ni na gano, ni zan kama, shi ba zai sa baki ba. Ya ba ni goro, na je na durƙusa gaban Malam Tanko. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kwazazzabo kawai. Ka taɓa mini kunya ɗaya, sai na tsinke maka kunne."

Saura turke. Na sha ganin na manya: tsohuwar ƙotar diga, guntun azara, itacen girki mai baƙin baki. Ni a ganina ƙazanta ce da rashin tsari. Sai na ɗauki adda na nufi shingen bayan makaranta, na zaɓi sanduna huɗu na dashi, miƙaƙƙu, tsawonsu ɗaya, na fiƙe bakinsu. Da rani dashi ba ganye, launin toka yake, kamar ya shekara da mutuwa. Sarkin haƙa, tsoho Mato, ya zo da igiyarsa da shaidu biyu, ya auna, na buga, ya ce, "Yaro da tsafta!" Washegari na sa diga. Kullum in an tashi makaranta sai kwazazzabo, in haƙa, in kai wa Inna a kwanon sarki ta wanke.

Sai ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo. Wata rana na iske turakuna sun fito da ƙananan ganye kore shar. Na yi murna ƙwarai. Na ce ramina ya fi na kowa kyau, har inuwa zai yi. Don kada awaki su cinye, na saro ƙaya na kewaye kowanne.

A haka Malam Tanko ya zo duba shuka ya gani. Ina cikin rami na ji muryarsa a kaina. "Kai! Wa ya dasa mini dashi a gona? Har da shinge!" Bai saurare ni ba, ya juya gari. Kafin la'asar kwazazzabo ya cika: Mato, shaidu, Babanmu, da 'yan kallo. A ranar na fara jin abin da kowa ya sani ban da ni. A wajenmu dashi ake dasawa a raba gona da gona. Wanda ya dasa shi ya kama, ya ce ke nan ƙasar tasa ce, ta 'ya'yansa ce. Shi ya sa turken mai haƙa ba ya zama sai busasshe: baƙo ne, zai ci abin da ya zo ci ya tashi. Ba wanda ya taɓa faɗa mini. Karan dawan wasanmu a bushe yake tun asali, manya kuma ba sa ganin abin faɗa ne.

Malam Tanko ya ce a tuge su yanzu-yanzu. Nan na hango Ɗan'azumi, wani magidanci da raminsa ya ƙafe, zaune a kan dutse da busassun turaku huɗu a hammata da guduma a hannu. Ya yi murmushi ya ce, "A tuge mana, ranka ya daɗe. Mu masu biyayya ne, muna jira." Mutane suka yi dariya. In an bar su, an ci iyakar dattijo. In an tuge, rami ya tafi. Na dubi Babanmu, ya kau da kai, tunda ya riga ya ce ba zai sa baki ba.

Mato ya tsuguna, ya ƙyasta ɗaya da farce, kore ya bayyana. Ya ce, "Da na yi haka ranar awo, da ba mu taru ba. Tanko, cirewa kake so ko mutuwar itacen?"

"Kada ya rayu a gonata, shi ke nan."

Mato ya juya ya ce, "Ɗan'azumi, doka ta ce turke kada ya bar ƙasa. Ta ce kada ya mutu a tsaye?"

Ɗan'azumi ya ce, "Wannan kuma wayon tsufa ne."

"Tsufan ne ya ba ni igiya. Isuhu, kawo wuƙa, a ɗebo garwashi."

Ni na yi aikin da hannuna. Na janye ƙayar, na tsige ganyen, na sassaƙe ɓawon tun daga sama har ƙasa, na tone gindin kowanne na zuba garwashi. Ƙamshin ƙaron dashi ya tashi da hayaƙi, idona ya kawo ruwa, na ce hayaƙin ne. Sannan Mato ya sa na faɗa a gaban shaidu cewa ƙasa ta Malam Tanko ce, aro nake. Ɗan'azumi ya tattara turakunsa ya tafi yana cewa yaran yanzu har lauya gare su. Malam Tanko bai bar zancen nan take ba. Duk bayan ruwa sai ya zo ya ƙyasta su ɗaya bayan ɗaya da farce. Da ya tabbatar sun bushe, ya daina zuwa. Ramin ya zauna a hannuna har jijiyar kuzar ta ƙare, na cike shi da ƙasa kamar yadda doka ta ce, na mayar masa da kwazazzabonsa.

Yau ina gadin wani gida a Al Thumama, a ƙasar da ba tawa ba, da sunan kafil, wato mai ɗaukar nauyin zamana, a jikin katina. In na zauna a bakin ƙofa jirage suna wucewa ta kaina, nakan ga mu ma nan busassun turaku ne: an yarda mu tsaya, ba a yarda mu yi saiwa ba, kuma ban ga laifin mai gona ba. Sai dai a da mai ƙasa da mai haƙa suna tsayawa a bakin rami ɗaya su dubi idon juna, a yi faɗa, a yi dariya, a rabu kafin magariba. Mato da Malam Tanko da Babanmu duk sun riga mu gidan gaskiya, ban tambaye su wa ya fara kafa wannan doka ba, ko ta kai Jos, ko masu haƙar zinare sun san ta.

Saboda haka ina roƙon mai karatu abu ɗaya. In akwai tsohon mai haƙa da ya rage a garinku, ka je yau da goro ka tambaye shi da wane itace suke turke da kuma dalili, ka rubuta yadda ya faɗa, ka ba wa duk wanda zai taho Doha ya kawo mini.