Muryar Tsohuwarsa a Wayoyinmu

A shekarata ta biyu a Kuala Lumpur na kama gida a unguwar Danau Kota tare da wani Ba'irane, siriri, mai doguwar gaisuwa kamar ya zo neman auren 'yarka. Ni injiniyanci nake karantawa. Shi kuwa digirinsa na uku gaba ɗaya a kan kalma guda yake: sunan ruwa a harsunan yankinsu. Farisawa na cewa ab, Balushawa ap, Kurdawa av, Fashtun oba, kuma wai duk daga tsohuwar kalma ɗaya suka fito. Har sunan Punjab, in ji shi, ruwa biyar yake nufi. In ya fara bayanin nan sai shayinka ya huce. Ni dai ban ga dalilin da zai sa gardi ya baro ƙasarsa saboda harafi biyu ba, kuma ban ɓoye masa ba.

Ya tara muryoyin mutane suna faɗin kalmar. Dukansu ya ba malaminsa kwafi, ban da ɗaya, ta mahaifiyarsa, wadda ta rasu bayan tahowarsa. Ya ɗauki muryar a ƙauyensu tana ba da labarin rijiyar gidansu, tana dariya, tana kiransa da sunan yarinta. Ba shi da wata muryar tata sai wannan. Da kwamfutarsa ta fara shure-shure, sai ya kwafi muryar a filas ya kawo mini.

"Ɗan'uwa, ajiye mini wannan a wurinka," in ji shi. "Kai na yarda da kai."

Ranar na buɗe. Tsohuwar ba ab take cewa ba, wani dogon "ooow" take ja irin na mutanen ƙauyensu, kamar mai kiran akuya. Na yi dariya har da hawaye. Na yanko wurin, na jera shi sau shida, wani abokina ya ɗora masa kiɗan kalangu, muka jefa a zaurenmu na waya. Kafin mako ya zagayo, rabin ɗalibanmu na yankin Setapak sun mayar da shi ƙarar kira.

Wata Asabar da la'asar muna zaune a mamak, wato gidan cin abinci, a unguwar Taman Melati, sai ga Ba'iranen ya shigo sayen abinci. Yana tsaye yana jira, sai wayar abokin nan nawa ta ɗauki ƙara. Ooow, ooow, ga kalangu. Teburin ya fashe da dariya. Ya juyo a hankali yana neman inda uwarsa take, wallahi da ido ya neme ta, kafin ya gane. Sannan ya dube ni.

"Haba Malam, joke ne lah, wasa ne kawai," in ji abokina. "Zauna mu makan, mu ci abinci."

Ya karɓi ledarsa ya fita. Ya yi makonni ba ya ce mini ko sannu, ni kuma maimakon kunya sai haushi ya kama ni, wai mutum bai san wasa ba. Da lokacin miƙa aikina ya matso na rasa filas, na ɗauko nasa. Na ga sunan fayil ɗin sarai. Na goge, na zuba babi-babina.

Bayan wata biyu aka yi ruwa da tsawa, kwamfutarsa ta mutu murus. Ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya yi doguwar gaisuwar nan tasa ba tare da ya rage komai ba, sannan ya nemi ajiyarsa. Na gaya masa gaskiya, don ba ni da ƙaryar da za ta tsaya.

"Wanda kuka sa wa kiɗa," ya ce, "yana nan?"

Na ce yana nan.

"Don Allah tura mini."

Na tura masa. Bangon da ke tsakanin ɗakunanmu ba shi da kauri. Har na gama karatu na bar gidan, kullum in ya idar da sallar asuba ina jin tsohuwar tana jan "ooow" sau shida, kalanguna yana bin ta.