Murfin Filas ɗin Kawu

Jiya a bas ɗin unguwar Catford wani dattijo ya buɗe filas, ƙamshin shayi mai citta ya tashi, sai na tuna Kawu, yayan mahaifiyata. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa.

Bayan ya yi ritaya, duk Asabar yana kulob ɗin masu gasar harbi. Ranar da ya fara kai ni, ya miƙo mini ƙaramar bindiga, irin wadda take ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi. Ya ba ni harsashi goma in harbi wata takarda da aka kafa can nesa. Na sa rai duka goman za su bi ta rami ɗaya, yadda nake gani a bidiyo. Da aka kawo takardar da na harba, sai ga ramuka a warwatse. Na ɓata rai, na ce bindigar ce ba ta da kyau.

Kawu ya yi dariya har tabaraunsa ya zamo. Ya cire murfin filas ɗinsa ya kifa a kan ramukan, ya rufe takwas.

"'Yata, irin wannan ba a yi ta don rami ɗaya ba. Ni da na daɗe ina harbi, in murfin nan ya rufe mini goma, har gida nake waƙa. Ke takwas, kuma kina fushi?"

Hannuna na warin albarushi, ya ja ni wurin abokansa Turawa, yana ɗaga takardar yana cewa, "My niece!", wato 'yar ƙanwarsa ce ni.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya faranta masa yadda ya faranta mini ranar nan.