Na Bi Sawun Abincin Kajina Har Takieta

Ana idar da sallar asuba muka fita daga unguwarmu Kara-Kara a Damagaram, ni da ƙanena da wata maƙwabciyata da ita ma take kiwon kajin nama. Ban karya ba, ban ma ji yunwa ba. Kafin in sa takalmi sai da na kwashe mushen kaji huɗu daga keji. Ku da kuke ta tambayata dalilin da ya sa na daina sa hoton kajina, ga amsarku.

Kaji ɗari biyu na zuba, da niyyar su isa yanka a kwana arba'in da biyar, don masu gashi na bakin titi sun riga sun ce za su kwashe. Sun yi sati biyar, amma in ka ɗaga ɗaya sai ka rantse tantabara ce. Kashinsu ruwa, ƙasan kejin caɓa-caɓa, wari har gidan maƙwabta. Magani kala uku na saya, duk a banza. Sai da likitan dabbobi ya zo ya farke biyu a gabana. Ƙundun ɗan ƙarami, ga laushi kamar tsumma, hanjin kuma cike da ruwa da kumfa. Ya damƙi abincin ya murza, ya ɗanɗana, ya tofar. Ya ce, "Hajiya, wannan ba annoba ba ce. Ki je ki ga inda ake haɗa abincin nan." Daga Takieta ake aiko mana shi, daga wurin wani mai injin niƙa da muka shekara muna ciniki ta waya, ba mu taɓa ganin fuskarsa ba.

A tasha direba ya ce jika ɗaya da rabi kowane mutum, wai isansi, man mota, ya hau. Ban yi ciniki ba, masifata ta yau ba tasa ba ce. Aka cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, da wani rago a ƙarƙashin ƙafafunmu wanda ya ɗauki gefen zanina abin karin kumallo. Da muka bar duwatsun Damagaram a baya, gero ya yi shar hagu da dama, damina ta yi kyau, mata sun sunkuya a gonakin gyaɗa. Da wata rana ce, da na ji daɗin kallon. Muka tsaya jandarmomi suka duba takardu, muka wuce Tirmini, muka sha ramuka biyu da suka sa maƙwabciyata salati da ƙarfi. Kafin rana ta yi zafi mun sauka.

A mararrabar Takieta, inda hanyar Matameye ta rabu, ƙanena ya tilasta mani ƙosai da kunu. Ƙosai shida dala ashirin, kuma gaskiya ya yi daɗi, na ci ina huci. Mai ƙosan ce ta nuna mana hanya, ta ce mu bi ƙarar inji kawai.

Tun daga ƙofa warin fumfuna ya tare ni. Rumfar kwano ce mai yoyo, an jibge buhunan tunkuza a ƙasa ba ko katako, na ƙasan sun sha ruwa. Na tura hannu cikin ɗaya na ciro dunƙule, ya yi kore. Injin kuwa guda ne, shi ke niƙa wa matan gari garin tuwo, da rariyar nan mai ƙananan huda ake wuce masarar kaji. A gefe ga rabin tano, gangar ƙarfen da ake gasa waken soya a ciki, har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa, toka babu ko ɗigo. Ina tsaye aka kinkimo buhun waken ɗanye aka juye a inji.

Mai wurin ya fito yana goge hannu, dattijo ne mai fara'a. Na gaishe shi yadda ya kamata, na faɗa masa ko ni wace ce, sannan na ce, "Alhaji, yaushe rabon tanon nan da wuta?"

Ya ce, "Hajiya, itace ya yi tsada. Kaza ai ba mutum ba ce, komai ta samu haɗiyewa take."

Wallahi ji na yi kaina ya yi zafi. Likita ya riga ya gaya mani ɗanyen waken soya yana hana kaza narkar da abin da ta ci, ta yi ta ci ba ta ƙiba. Na ce, "Ta haɗiye, Alhaji, ta kuma zawayar da shi. Ashirin da bakwai na binne. Wannan baiwar Allah maƙwabciyata da kake gani, kajin nan su ne abincin marayunta. Da ka ce mana ba ka gasawa, da ba mu gasa da kanmu ba? Ka rubuta mana a waya komai gasasshe ne!" Mata masu jiran niƙa suka ajiye ƙwaryarsu suna kallo. Ƙanena yana ta jan mayafina, ban saurare shi ba.

Da na zo kan maganar niƙa, cewa ya mayar da masarar gari, sai ya ɗago kai. Ya ce, "A nan kam ba za ki ɗora mani ba. Ba ku ne kuka mayar mani da buhu biyu bara ba, kuka ce tsaki ne, ku mai laushi kuke so?" Ni ce na yi wannan wayar. A ganina a lokacin, abin da ya fi laushi shi ya fi kyau, kamar garin tuwo. Haushin ya zama biyu, nasa da na kaina. Ya ce zai gyara tano, ya ɗage buhunan. Haƙuri dai bai ba mu ba, kuma ban ce na yarda ba.

Muna fita wata tsohuwa cikin masu jiran niƙa ta biyo mu. Ta ce, "'Yata, zo ki ga nawa." Gidanta yana bayan kasuwa. Kaji hamsin ne kawai, kwanansu ɗaya da nawa, amma ƙirjinsu ya cika, ƙasan kejin a bushe ƙamas. Ita ke soya wakenta a tukunyar ƙarfe har ya yi ƙamshi ya soma ja, ba ta bari ya ƙone, ta ce ƙonannen ma ba ya ƙosar da su. Masara kuwa ɓarzawa take sa a yi mata, ba niƙa ba. Ta yi baƙi ranar, an yanka ɗaya, sai ta ɗauko ƙundun ta ɗora mani a tafin hannu. Nauyi, tauri, ja wur. Ta ce, "Ƙundu shi ne turmin kaza. In kin daka mata komai, turmin ya zauna ba aiki, ya saki, abinci ya wuce hanji a guje. Garin kuma ya liƙe musu a baki, su yi ta shan ruwa." Ba ta yi lakwal ba, ko aji ɗaya na boko, amma kusan kalma da kalma abin da likita ya faɗa ke nan. Ta ba mu dambun zogale da fura, ta ƙi karɓar ko dala.

A kasuwa na sayi masara tiya goma da waken soya tiya huɗu, na sa aka ɓarza masarar a wani injin ina tsaye a kai. A hanyar dawowa hadari ya haɗu, ruwa ya kece tun kafin Tirmini, motar tana yoyo daidai kafaɗata. Maƙwabciyata ta yi kuka kaɗan ta share. A haka muka taho har muka hango Birnin Damagaram.

La'asar muka shiga gida. Ban cire mayafi ba na hura wuta na ɗora tukunyar soya wake. Yau kwana tara ke nan. Zawon ya tsaya, mutuwa ta tsaya, amma likita ya ce girman da suka rasa ba duka zai dawo ba, kuma masu gashi sun tafi wurin wani. Har yanzu in na tuna "kaza ai ba mutum ba ce" sai raina ya ɓaci.

Abin da na koyo: na shekara ina duba idon kaji, ina duba kashinsu, ina sayen magani, ban taɓa tafiyar awa ɗaya in duba inda ake haɗa abin da suke ci ba. Ku masu kiwo, ku buɗe buhu ku shinshina, ku murza, ku tauna waken ku ji ko gasasshe ne. In an yanka kaza, ku duba ƙundunta kafin a jefa a miya. Kuma duk wanda ya ce maku ba sai kun zo inda yake haɗawa ba, ranar ce ya kamata ku shiga mota.