Aikin 'Yata da Sunan Ubanta

Mijina ya yi shekaru yana aiki a masaƙa a Kakuri, har aka rufe ta. Ko sau ɗaya bai sa hannu a kwamfuta ba. 'Yarmu ta fari ce ta iya, kuma yanzu su biyun duk sun riga ni gidan gaskiya. Ni ban yi boko ba, ƙawarta ce ke rubuta wannan, in kuka ya zo mini ta jira.

A ɗakinmu na Unguwar Mu'azu take zama da kwamfutar a cinya, ina gefe ina tsinke zogale. Ta ce mini wata manhaja suke haɗawa, wadda ƙananan asibitoci ke ajiye bayanan masu zuwa awo a ciki. Ba ta kowa ba ce. Kowa na iya ɗauka kyauta, wanda ya iya kuma ya gyara ya aika, manyan aikin su duba su karɓa.

Da farko da sunanta take aikawa. Sai gyaranta ya yi makonni ba a waiwaye shi ba, in an duba kuma a yi ta tambaya ko wani ne ya taya ta. Bayan rasuwar ubanta ta koma aikawa da sunansa, aka daina tambaya. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Mutumin da masaƙa ta sallama ba ko sannu, ga shi ana gode masa daga ƙasashen da bai sani ba.

Zazzaɓi ya ɗauke 'yar tawa cikin kwana huɗu. Bayan sadakar arba'in, ƙawar nan ta zo daga unguwar Nasarawa. 'Yar kudancin Kaduna ce, tare suke aikin. Ta ce manyan sun ji mai aikin ya rasu, za su fitar da sabuwar manhajar da sunan mijina a kai, don tunawa da shi. Ta gaya musu mace ce ta yi aikin, suka ce ba za su canza sunan mamaci ba sai sun ji daga danginsa.

Ƙanen mijina ya ce a bari, gida ɗaya ne, lada kuma Allah ya san mai shi.

"Mama, magana ɗaya ce," in ji ƙawar. "Ki faɗi sunanta a waya, ki ce ita ce."

"'Yar nan, 'yar fari ce fa. Tun ranar suna bakina bai taɓa kiransa ba."

"Na sani, Mama. Amma ke kaɗai kika ga hannunta a kai."

Shekara talatin da ɗaya "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Haka uwata ta yi da yayana. Na yi kwana uku ina juya abin. In na yi shiru, na bar wa mijina abin da ba nasa ba. Shi kuwa ko tsintuwa ba ya ci.

Ran Laraba da hantsi na sa ta miƙo wayar. Karon farko murya ta ƙi fita, sai da aka sake. Na biyu na faɗa cikakke, na ce ni na haife ta, a gabana ta yi aikin.

Sun gyara. Ƙawar ta nuna mini layin, ban iya karantawa ba, na dai ɗora yatsa a kai na daɗe. Ƙanen mijina bai sake leƙo mu ba sai da salla.